Rufe Sanƙo da Zubewar Gashi a Zafin Legas: Jagora Ga Maza da Mata

Yawancin dabarun rufe sanƙo da ake nunawa a bidiyon intanet, a ɗaki mai sanyin na'ura aka ɗauke su, a kan mutumin da ba zai shiga danfo daga Agege zuwa Obalende da rana tsaka ba, ba kuma zai shafa ruwa a kansa sau biyar kafin ya kwanta ba. Mu nan Legas da gumi muke wuni. Iskar garin jiƙe take da laima kusan duk shekara, ruwan sama yana sauka tun daga Afrilu har Oktoba in ban da ɗan tsagaitawar Agusta, hunturun kuwa na 'yan makonni ne a Disamba da Janairu. Saboda haka duk abin da za ka ɗora a kanka, sai ka fara tambayarsa abu uku: zai jure gumi? Zai jure ruwan alwala? Kuma ba zai cinye ɗan gashin da ya rage ba? Ta ukun ita ce mutane suka fi tsallakewa, ita ce kuma ta fi tsada in an tsallake ta.

Mataki na farko: san irin zubewar da ke damunka

Ka tsaya bakin taga da safe, kai a wanke, a bushe, babu mai. Ka ba wani wayarka ya ɗauki hoton gaban goshi, gefe biyu, tsakar kai daga sama, da ƙeya. Madubin banɗaki ba ya nuna maka abin da wanda ke bayanka a sahu yake gani.

Zubar gashi 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne, kowa yana yi. Sanƙon gado na maza yana farawa ne daga kusurwoyin goshi biyu ko daga tsakar kai, a hankali cikin shekaru, ba ƙaiƙayi, ba zafi. Wannan shi ne wanda kwalliya ta fi dacewa da shi. Na mata da aka fi gani a wajenmu shi ne cinyewar gaban goshi da gefen kunne, wanda kitso mai tsauri da ɗaurin ɗankwali suke jawowa. Akwai kuma zubewar da ke biyo bayan haihuwa, wadda takan fara wata 2 zuwa 4 bayan an sauka, yawanci kuma gashin yakan dawo kafin yaro ya cika shekara. Zazzaɓi mai tsanani, irin na taifot ko cizon sauro da ya kwantar da mutum, shi ma yakan zubar da gashi wata 2 zuwa 3 bayan an warke, har mutum ya manta da ciwon ya kasa haɗa alaƙar.

Akwai wanda ba a rufewa sai likita ya gani. In wurin ya fita a zagaye, sumul, cikin 'yan kwanaki; in tsakar kai tana zafi ko ƙaiƙayi tana faɗaɗa; in akwai ƙuraje, mugunya ko ɓawo, to likitan fata za a nema. Asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba da na LASUTH da ke Ikeja duk suna da likitocin fata. Dalilin gaggawar shi ne wasu daga cikin waɗannan cututtuka suna kashe saiwar gashi su bar tabo, kuma inda tabo ya zauna gashi ba ya sake fitowa. Ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo su ma suna zubar da gashi, gwajin jini ne ke nuna su. Yaro mai makero kuwa, don Allah kada a kifa masa hula a tura shi makaranta a ce an rufe. Makeron kai maganin sha yake buƙata na makonni, man shafawa kaɗai ba ya kashe shi, kuma yana bin mataji da kilifa ya kama sauran yaran gida.

Abin da ido ke kamawa

Mutane ba sa ƙirga gashin kanka. Abin da idonsu ke kamawa shi ne bambanci: wuri mai duhu kusa da wuri mai haske, wuri mai tsawo kusa da wuri fili, da kuma ƙyallin fata. Kamar gonar gero ce da tsiro ya fito ɗai-ɗai a tsakiya alhali gefenta ya yi duhu, daga nesa ƙasar tsakiyar kawai za ka hango. Duk dabarun da ke ƙasa abu ɗaya suke yi, rage wannan bambancin. Mai baƙar fata ma yana da sa'a a nan, domin launin fatar kansa bai yi nisa da na gashinsa ba. Mai hasken fata shi ne aikinsa ya fi yawa.

Daga nan za ka gane kuskuren da ya fi yawa a unguwanninmu, wato laftar basilin ko man kaɗe a wurin da gashi ya yi ƙaranci. Maiƙo yana haɗe gashi ya manne da juna, fatar ta fito fili tana ƙyalli a rana. In za ka shafa mai, da dare, ɗan kaɗan, da safe ka goge.

Maza: aski shi ne rabin aikin

Mai sanƙon da ya fara yakan so ya tara suma a gefe don ya ji har yanzu da saura. Wannan shi ke tona shi. Ka yi akasin haka. A rage gefe da ƙeya sosai, a bar saman ya ɗan fi su tsawo kaɗan, sai idon mai kallo ya ga saman ya fi duhu.

Kilifa tana da lambobi, kuma da lamba ya kamata ka yi magana, musamman da yake mai askinka a Legas ba lallai ne Bahaushe ba. Lamba 2 tana barin milimita 6, lamba 1 milimita 3, rabin lamba kuwa milimita 1.5. In saman ya fara haske kaɗan, a yi shi da lamba 1, gefe da rabi. In ya yi haske sosai, a yi duka kan da rabi ko ƙasa da haka. Ka nuna masa hoto a waya in bakinku bai zo ɗaya ba. In kuma ɗan gida ne, a Mil 12, ka faɗa masa kai tsaye: "Malam, gaban nan kada ka tura shi baya, yadda ka gan shi haka za ka bi shi." Wannan jumlar tana da muhimmanci. Masu aski suna son layi mai kaifi, kuma don su same shi sukan ci ɗan gashin gaba kowane mako. Bayan wata shida sai ka ga goshinka ya ƙaru da yatsa guda, ba gado ba ne ya ci shi, reza ce.

A kula kuma da rage gefen: a saje shi a hankali, kada a aske wani sashe tas a bar wani, domin an yi hani da irin wannan askin a hadisi, ga shi kuma ba ya yi wa mai sanƙo kyau ko kaɗan.

Gemu da saje suna taimakawa fiye da yadda ake zato. Fuskar da ke da gyararren gemu tana janye ido daga goshi zuwa ƙasa.

In sanƙon ya kai inda gaba da tsakiya suka haɗe, a ganina ƙwal kwabo ya fi duk wani abin da za ka saya. Ba ya narkewa a gumi, ba ya hana alwala, ba ya ɓata hula. Sai dai a yi shi da hankali. A jiƙa kai da ruwan ɗumi, a bi da aska ko reza ta inda gashin ya kwanta, kada a tayar da shi, domin gashinmu a murɗe yake, in an yanke shi ƙasa da fata sai ya lanƙwashe ya koma ciki ya zama ƙurji. Wanda ke da ƙurajen ƙeya, waɗannan masu tauri da ke zama tabo mai tudu, kada reza ta taɓa wurin sam, kilifa mai ɗan tsawo kawai. Ka sayi kilifarka ka riƙa tafiya da ita, in wanzami ne ka ga ya buɗe sabuwar reza a gabanka. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jini a jikin ƙarfe, kuma ɗan feshin da ake yi wa kilifa tsakanin mutum da mutum bai isa a dogara da shi ba. Bayan askin, ɗan hoda marar ƙyalli yana kashe sheƙin fata. In za ka daɗe a rana, hula ko man kariyar rana mai lamba 30, domin fatar da ta saba zama ƙarƙashin gashi tana ƙonewa, ko da baƙa ce.

Garin gashi da feshi

Akwai wani gari da ake sayarwa a 'yar kwalba mai ramuka a murfi, wanda ainihinsa ƙananan zaruruwa ne masu launi, yawanci na sinadarin da gashi kansa ya ƙunsa. Toppik shi ne sunan da aka fi sani, akwai wasu da dama. Zaruruwan suna maƙalewa a jikin gashin da ke nan, su ƙara masa kauri, sauran su sauka su rage hasken fata. Ka riƙe wannan: sai da gashi yake aiki. A kan fili sumul, ƙura kawai za ka zuba wa kanka.

Ga yadda ake yi. Kai ya bushe sarai, babu mai ko ɗigo, in ba haka ba garin zai dunƙule. Ka zaɓi launi da kyau: abin da aka rubuta wa baƙi yakan yi baƙi ƙirin fiye da gashin mutane da yawa, ruwan ƙasa mai duhu sosai yakan fi sajewa, mai furfura kuma sai ya gauraya da ɗan ruwan toka. Ka sunkuyar da kai, ka riƙe kwalbar sama da wurin da kamar faɗin hannu, ka riƙa bubbuga gindinta da yatsa. Kaɗan, ka duba, ka ƙara kaɗan. Ka daddanna da tafin hannu a hankali don ya zauna. A gaban goshi, ka tare da mataji ko ɗan kwali don kada ya zubo fuska, kuma kada ka kai shi har bakin layi, ka tsaya ɗan baya, domin gashin gaba na asali ba ya farawa da duhu lokaci guda. Sai ka fesa abin kama gashi sau biyu daga nesa, ka bar shi ya bushe. Gwajin ƙarshe: ɗora farin hankici a wurin ka ɗaga. In ya kwaso baƙi sosai, ka cika.

Gaskiyar magana, wannan kayan biki ne da hoto da ganawar neman aiki, abin awa uku zuwa biyar. Ba na ba wa mai sana'ar da ke wuni a rana shawararsa, ko mai dako a Mil 12, ko mai canji da ke tsaye bakin titi. Gumi mai yawa yana gangaro da shi, hula tana kwashe shi, kuma a mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, shafar kai a alwala daga goshi ne har ƙeya, duka. Jiƙaƙƙen hannu sau ɗaya ya isa ya dama shi. Wanda ya ƙware yakan yi alwalarsa tukuna, kai ya bushe, sannan ya zuba, ya riƙe alwalar gwargwadon iko.

Feshin baƙin da masu aski ke yi a layin goshi shi ma haka yake, har ya fi saurin tonuwa. Ranar farko a hoto, sai ka ce ɗan shekara ashirin. Ranar biyu, yana jikin matashin kai, da bakin farar hula, da wuyan shadda, wani lokaci har da darduma a wurin sujada. In za a yi maka, ka ce a yi sama-sama a cikin gashin, ban da zana sabon layi a kan fatar goshi inda babu gashi ko ɗaya. Kowa yana gane wannan daga nesa, kawai dai ba a faɗa maka.

Duk wanda ka yi amfani da shi, ka wanke shi kafin ka kwanta.

Rini da lalle

Rini yana taimakon wanda furfura ta sa kansa ya ƙara haske, amma baƙi ƙirin a kan gashi ɗai-ɗai ƙara fito da fatar yake yi. Ga kuma hadisin da ke cikin Sahihu Muslim game da furfurar Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, inda aka yi umarni a canja ta amma a nisanci baƙi. Lalle na ganye ya kuɓuta daga wannan, kuma in an bi shi da baban rini yakan ba da ruwan ƙasa mai duhu da ke sajewa da kyau.

Haɗarin yana cikin baƙin rini na kanti da abin da ake kira baƙin lalle. Yawancinsu suna ɗauke da sinadarin PPD, wanda kan kumbura wa wasu fuska da fatar kai, ya yi ƙuraje masu ruwa, kuma wanda jikinsa ya taɓa ƙin sa to ya ƙi shi ke nan har abada. Kafin kowane rini, a shafa ɗan ɗigo a bayan kunne a jira awa 48. Kada a shafa rini a kan fata da niyyar rina fatar ita kanta, kada kuma a yi shi ranar da aka yi aski da reza.

Hula

Mu dai Allah ya rufa mana asiri da tufafinmu. Bahaushe da zanna ko ƙube a kansa ba wanda zai tambaye shi dalili, daga masallaci har ofis a Ikeja. Hula ba ta kawo sanƙo, wannan zance ne kawai. Abin da take yi in ta matse shi ne goge gashin gaba da tara gumi da amosani. Ka sa wadda yatsa zai iya shiga tsakaninta da goshi, ka mallaki aƙalla biyu ko uku kana juyawa don kowace ta sha iska, ka cire ta in ka shiga gida. Mai sa hular kwano ya sa siririyar hular auduga a ciki.

Mata: gaban goshi da tsaga

Yanzu ke, 'yar'uwa. Maganarki ta fi tsawo domin abin da ake rufe matsalar da shi sau da yawa shi ne ya kawo ta tun farko, sai a yi garin neman gira a rasa ido.

Ki fara da kitso. Kitson da ya hana ki barci daren farko, ko ya ɗage miki gira, ko ya fito da ƙananan ƙuraje a bakin gashi, ko ya sa kika nemi maganin ciwon kai, ya yi tsauri, ko da kuwa kowa ya yaba. A tsefe layin gaban a ranar. Cinyewar gaba tana warkewa in an daina ja da wuri, amma in an shekara da shekaru ana ja, saiwar takan mutu, wurin ya yi sumul yana sheƙi. Ki faɗa wa makitsiya tun kafin ta sa kibiya: "Yaya, don Allah ki sassauta hannu, gaban nan kuma ki bar min shi, kada ki kama ƙananan." Wasu za su ce kitson ba zai daɗe ba. Haka ne, kuma haka ake so. Makitsan Legas da yawa sun saba da ƙananan kitso masu nauyi da ake bari wata biyu, ke kuwa manya kike so, marasa nauyi, na mako biyu, da hutun 'yan kwanaki a tsakani.

Salon kitson kansa yana iya rufewa. Shuku da duk wanda ke jan gashi sama ko baya yana buɗe goshi ya nuna inda ya cinye. Ki nemi wanda ke gangarowa gefe, ya kwanto ta kan wurin da ya yi haske, ko kalaba manya da za ki iya karkato da su gaba. In tsakar kai ce ta yi ƙaranci, kada tsaga ta bi ta nan, a kauce mata, kuma a riƙa canja wurin tsaga kowane kitso. Tsaga mai lanƙwasa tana ɓoye fata fiye da miƙaƙƙiya.

In kina sa rilaksa, tazarar ta kai aƙalla mako 8, a sabon tsiro kaɗai, kuma kada a yi kitso mai ja a makon da aka sa. Gashin da sinadari ya sassauta shi ne ya fi saurin tsinkewa. In gaban ya riga ya cinye, ni dai shawarata a ajiye rilaksa gaba ɗaya har ya farfaɗo.

Sai cike gurbi da launi. Ba sai kin sayi wani abu na musamman ba, hodar ido ko ta gira marar ƙyalli, ruwan ƙasa mai duhu, ta isa. Ki goge wurin ya bushe, ki ɗauki ƙaramin buroshi mai karkataccen baki, ki dangwala ki kakkaɓe, sannan ki riƙa ja gajere-gajere ta inda gashin ke kwanciya, daga cikin gashi zuwa waje, yana raguwa yayin da kike kusantar goshi. Ki murza da yatsa kaɗan don kada ya yi layi. A tsaga ma haka, ɗigo-ɗigo a gefenta biyu don ta ƙara siranta. Kada ki yi da kwalli. Na gargajiyar an sha gwada shi a sami dalma mai yawa a ciki, ga shi da gumi yake gangarowa, ga jariri a hannu yana taɓa fuska.

Man kwantar da gashin gaba da ake bi da buroshin haƙori kullum yana kwantar da shi a yau, yana tsinke shi a hankali. Ki bar shi sai ranar fita. Man bilicin da ake kaiwa har bakin gashi shi ma yana ƙara hasken wurin, masu sinadarin sitiroyid kuma suna sirantar da fata. Tafarnuwa da wasu ke gogawa a wurin, ƙuna take yi.

Ɗankwali, hijabi da abin da ke ƙarƙashinsu

Mace mai rufe kai ta riga ta samu mafita a waje, damuwarta cikin gida ce da gidan biki. Amma ɗaurin kansa yana iya zama shi ne mai laifin. Ɗankwalin atamfa mai sitaci da ake tamkewa a daidai bakin gashi kullum, wuri ɗaya, yana goge wurin. Ki sa siririyar hular satin a ciki, ki sauko da bakin ɗaurin kan goshi ƙasa da layin gashi, ko ki mayar da shi baya, yau nan gobe can. Gwaggwaron biki a kwance shi da an dawo. Hular cikin hijabi mai roba mai matsewa a canja ta da marar roba. Ƙullin gashi na baya a yi shi ƙasa-ƙasa, sakwa-sakwa, domin ribom mai tsauri da acuci mai nauyi daga gaban goshi suke jan kuɗinsu. Kuma a garin nan da abu ba ya bushewa da wuri, kada ki rufe kai da danshi bayan wanka. Ki tsane shi da tawul, ki ba shi iska ko fanka, in ba haka ba wari da amosani za su biyo baya.

Hular gashi, ƙari da gam

Nan sai an yi magana biyu, ta addini da ta fata. Hadisin da ya la'anci mai ƙarin gashi da wadda ake yi wa yana cikin Buhari da Muslim, kuma shi ya sa gashin doki bai taɓa zama abu mai sauƙi a gidajenmu ba. Malaman Malikiyya sun tsananta har a kan ƙari da zare ko ulu, wasu magabata irin su Laisu bin Sa'ad sun taƙaita hanin a kan gashi kaɗai. Wasu malaman zamani kuma sun yi sassauci ga macen da ciwo ya raba ta da gashinta gaba ɗaya, suna ganin wannan gusar da aibi ne. Wadda abin ya shafa ta kai wa malaminta bayanin halin da take ciki dalla-dalla, domin hukuncin mai neman ado da na wadda maganin ciwon daji ya zubar wa gashi ba lallai ya zo ɗaya ba.

Ga wadda za ta sa hular gashi, ko 'yan'uwanmu Hausawa Kirista da wannan bai shafe su ba, ƙa'idar ita ce a guji gam. Mai faɗin gaba daga kunne zuwa kunne, wadda ake kira 13 da 4, yawanci sai da gam take zama, kuma a daidai inda gashinki ya fi rauni ake shafa shi. Kowace cirewa da 'yan gashin da take tafiya da su. Ki nemi mai ƙaramin buɗi, 4 da 4 ko 5 da 5, mai maɗaurin roba a baya. Ki cire ƙananan matajan da aka ɗinka a ciki, ki sa maɗaurin karan-miski a ƙarƙashi don kada ta zame. Kitson ƙasan ya zama kwantacce marar ja. Kada ki zaɓi mai cika da yawa, ita ce ke shelar kanta, ga zafi. Ki cire ta kowane dare.

Maza ma yanzu ana liƙa musu gashi da gam a wasu shagunan aski na Lekki da Surulere, ya yi makonni a kai. Yana kyau a hoto, ban musa ba. Amma ruwa ba ya isa ga fatar da ke ƙarƙashi, wankan janaba kuwa sai ruwa ya game fatar kai, ga gumin Legas da zai taru a ƙasan gam har mako uku. Ga Musulmi mai salla, ban ga yadda lissafin zai fita ba. Haka ɗigon tawada da ake yi da allura a fatar kai don ya yi kama da sabon aski: tawada ce ake cusawa cikin fata, wato zanen jiki, kuma hadisin da ya hana ƙarin gashi ya haɗa da shi. Mai fatar da ke yin tabo mai tudu kuwa, ko ba don wannan ba, allura da dashen gashi duka sai da shawarar likitan fata.

Wurin saye, da haɗawa da magani

Kayan nan duk ana samunsu a Legas, daga kasuwar Balogun da ke cikin tsibiri zuwa rukunin kasuwar baje koli da ke hanyar Badagry, inda dilolin kayan kwalliya suke, har manyan kantunan magani. Jabu yana yawo a kowane irin kayan kwalliya, saboda haka ki duba, ka duba: lambar NAFDAC, ranar lalacewa, murfin da ba a taɓa buɗewa ba, da jerin sinadaran da ke ciki. Abin da aka ɗura a kwalba marar suna aka ce yana fito da gashi cikin mako guda, a bar shi a wurin. Gashi ba ya wuce kusan santimita 1 a wata, ko me aka shafa masa. Ka fara da ƙaramar kwalba, ka gwada ranar da ba ka da fita mai muhimmanci, ka yi tafiyar rabin awa a rana, ka dawo ka duba wuyan rigarka.

In likita ya ɗora ka a kan minoxidil, maganin zubewar gashi da ake shafawa, mai kashi 2 ko kashi 5, ba ya hana kwalliya, sai dai a bi tsari: maganin ne farko a kan tsabtatacciyar fata, a bar shi ya bushe sarai, sannan gari ko hoda su biyo baya. Yakan ɗauki wata 3 zuwa 6 kafin a ga canji, a makonnin farko ma zubewar takan ɗan ƙaru, kuma in an daina, abin da ya fito yakan koma. Mai ciki da mai shayarwa ba sa shafa shi sai likita ya ce. Hotunan nan na matakin farko a sake ɗaukarsu kowane wata, a wuri ɗaya, da haske ɗaya, kai a wanke babu komai a kansa. In wurin yana faɗaɗa duk da an sassauta kitso ko an canja aski, da hotunan za a tafi asibiti.